Wa Ke Lissafa Gumin Masu Hidimar Kara?



Duk wanda ya taɓa kwana a kasuwar Abalak ko Balleyara ranar jajibirin kasuwa ya san sa guda ba mutum guda yake ciyarwa ba. Kafin ya bar hannun mai shi ya kai tukunya, sai ya bi ta hannun mai masauki, da dillali, da yaron da ke riƙe igiya, da mai sayar da ruwa da harawa, da masu kora, da masu lodi, da direban tirela, da mahauci, da majemi. Ga mai shayi da mai tuwo a bakin kara. Kowannensu hidima yake sayarwa. Tambayarmu ita ce: in hukuma ta zauna lissafin arzikin da ƙasa ta samar a shekara, ina take sa gumin waɗannan mutane?

Ga yadda ake lissafin. Ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da ke Yamai, tana raba aiki gida uku: noma da kiwo, sai masana'antu, sai hidimomi. A kowace sana'a ana duba abin da mutum ya samu, a cire abin da ya kashe wajen kayan aiki, ragowar ita ce ake rubutawa. A ce dillali ya karɓi la'adar jika biyar, ya kashe jika guda a igiya da ruwa da harawa, to jika huɗu ce rabonsa a arzikin ƙasa. Kamfani mai littafi da rasit, lissafinsa ba wuya. Wanda ofishinsa gindin bishiya ne kuwa, sai a tambayi kaɗan daga cikin irinsa, a yi kiyasin sauran.

Nan ne gizo ke saƙar. Dillali da falke ana zuba su a kasuwanci, direba a sufuri, mahauci da majemi a masana'antu, ƙananan masu hidima kuma a kwandon da ake kira "sauran hidimomi", tare da wanzami da mai wanki. Abin da ya rage a layin kiwo shi ne ake nuna wa shugabanni, a ce kiwo bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na arzikin Nijar ba. Alhali in babu saniyar, babu la'ada, babu lodi, babu kilishi.

Kada wani ya ce wannan zancen ƴan boko ne. A 2014 Najeriya ta sake lissafin arzikinta, ta daina aunawa da farashin 1990 ta koma na 2010, ta shigar da wayar salula da fina-finai yadda ya kamata. Dare ɗaya adadin ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510, hidimomi suka zama fiye da rabi. Ba sabon arziki ya faɗo daga sama ba, ido ne ya kai inda da bai kai ba. Mu ma mun ga haka. Ƙidayar noma da dabbobi da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta gano dabbobi kimanin miliyan 31 a Nijar, fiye da yadda ake zato. An ƙirga dabbobin. Masu yi musu hidima fa?

Abin da ba a rubuce ba, ba ya da mai kare shi ranar rabon kasafi. Shi ya sa za ka ga kara tana tara wa magajin gari kuɗin tikiti kowane mako, amma ba famfo, ba inuwa, ba wurin lodi na kirki. Haka kuma da aka rufe iyaka a 2023, an yi ta zancen farashin shanu, amma ba mu ji wanda ya faɗi yawan masu lodi da masu kora da suka zauna hannu rabbana ba.

Mun san abin da ke ranku. Kakanninmu sun sha wuyar jangali, tun daga nan duk mai biro da takarda ya zama abin gudu. Tsoron yana da dalili. Amma ɓoyon ya hana mu rijiya da burtali, bai hana a karɓi haraji a ƙofar kara ba.

Don haka ga shawararmu. Kowace kasuwa, ƙungiya da shugaban dillalai su ajiye littafi: dabba nawa ta shigo, nawa aka sayar, mota nawa ta yi lodi, mutum nawa suka ci abinci a wurin ran nan. Ba sai an sa sunan kowa ba. Masu ƙididdiga kuma su zo ranar kasuwa, da tafinta mai jin Hausa da Fulatanci da Buzanci, su tabbatar mana a bainar jama'a cewa amsarmu ba za ta koma hannun masu haraji ba. Sannan su fitar da lissafi guda da ya bi saniya tun daga ruga har mahauta.

In muka je gaban hukuma da littafinmu a hannu, roƙon famfo ya zama neman hakki. Allah ya ba mu damina mai albarka.