Waiwaye: Ranar da kwamfutar albashi ta ƙi tashi a Sharaɗa

Hunturu ne, irin wanda hazo ke rufe Kano har masu babura su kunna fitila da hantsi. A lokacin ina aiki a ofishin lissafi na wata masana'antar roba da ke Sharaɗa, inda ake buga bokitai da butoci da kujeru. Saura kwana biyu wata ya ƙare, ma'aikata sun fara leƙo tagar ofis suna irin gaisuwar nan da kowa ya san ma'anarta. Jadawalin albashinsu, da kuɗin ƙarin lokaci, da bashin da muke bin dilolin Ƙofar Wambai, duk suna cikin kwamfutar tebur guda ɗaya, kuma a hannuna take.

Kwamfutar haɗi ce, wato wadda aka sayo kayanta ɗaiɗai aka harhaɗa. Wannan yana da muhimmanci, domin yawancin HP da Dell na ofis da ake shigo mana da su na hannu, masu ƙera su sun kulle wurin taɓa gudun ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, ko ka so ba za ka samu ba. Ta haɗi kuwa a buɗe take. Ta fara nauyi, sai na nemi izini na sayo ƙarin sandan ram ɗaya. A jikin kwalinsa an rubuta 3200, amma da na sa shi sai na ga kwamfutar tana nuna ƙasa da haka. Raina ya ba ni cewa an biya kuɗin abu ba a mora ba. Na sake kunna ta, na danna maɓallin Del na shiga bayos, wato shafukan saitin kwamfutar, na kunna XMP, na ɗaga gudun da hannuna zuwa 3200, na danna F10.

Allo ya yi baƙi, kuma bai dawo ba.

Fanka tana juyawa, 'yar fitilar gaba tana ci, amma ko tambarin kamfani bai fito ba. Can sai ta mutu da kanta, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Na kashe daga bango na kunna ya fi sau goma. Na canza allo, na canza igiya. Zufa ta karyo min a cikin sanyin nan, domin abin da ya tsaya min a rai shi ne mutanen da ke jiran kuɗin cefane da na haya. Manaja ya shigo ya tsaya a kaina, na ce, "Yallaɓai, ni na taɓa ta." Bai ce komai ba, ya aika a kira mai kula da lantarkin masana'antar.

Dattijo ne, ya koyi aiki a masaƙun Bompai tun zamanin da ake aiki dare da rana, kafin yawancinsu su rufe. Ba a ɗauke shi don kwamfuta ba, amma duk abin da wuta ke bi ta cikinsa ya san halinsa. Bai ko ajiye jakarsa ba ya tambaye ni, "Ɗana, me ka taɓa na ƙarshe?" Na faɗa masa. Ya ce, "To, kafin ka taɓa, a nawa ka same ta?" Na yi shiru. Ban rubuta ba, ban ɗauki hoto ba, alhali waya tana aljihuna.

Abin da ya faru a cikin akwatin nan, daga baya na fahimce shi sosai. Kafin kwamfuta ta nuna komai a allo, sai ta gwada kayan jikinta, kuma ram yana cikin na farko. Masu ƙera ram sun yi ittifaki a kan gudun da kowane sanda zai ɗauka lafiya lau. Na DDR4 yakan fara daga 2133 a kan wuta bolt 1.2. XMP kuwa tsari ne da kamfanin Intel ya fito da shi a 2007, wanda ke ba sanda damar wuce wancan gudun, galibi da ƙarin wuta zuwa bolt 1.35. Sabon sandana zai iya. Tsohon da ke kusa da shi ba a yi shi don haka ba, ni kuma na haɗa su a karkiya ɗaya na ce su yi sukuwa. Da gwajin ya gaza, kwamfutar ba ta kai inda za ta buɗe min bayos in gyara kuskurena ba. Ƙofar da zan bi in warware, ita ce na kulle ta ciki.

Dattijon ya zare igiyar wuta daga bango, ya danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Kafin ya sa hannu ciki ya dafa ƙarfen akwatin, ya ce a hunturu jikin mutum kansa yana tara wutar da za ta iya kashe ram. Da ya cire murfin, ƙura ta yi kauri a kan fanka kamar auduga. Ya nuna min wani ɗan batiri mai kama da kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa, bolt 3. Shi ke riƙe wa kwamfuta saitinta da agogonta idan babu wuta. Ya ɓalle shi da farce, ya ajiye a kan tebur, ya ce mu je mu yi azahar. Akwai hanya mafi sauri, ta haɗa wasu 'yan ƙusoshi biyu da aka rubuta CMOS a gefensu, amma shi ya fi yarda da cire batiri.

Da muka dawo ya mayar da shi, ya cire sabon sandan, ya goge haƙoran tsohon da kilinar 'yan makaranta, ya sa shi shi kaɗai a rami na biyu daga firosesa har ya ce ƙas. Ya kunna. Ƙara ɗaya 'yar gajeriya, rubutu ya fito. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Ashe da sauran rina a kaba. Windows ta fara tashi, sai allo ya koma shuɗi. Wani yaro da aka kira daga waje tun da farko, da ya iso ya gani, nan take ya ce faifan ya lalace, sai an goge komai an zuba sabo. Wannan magana ita ta fi ba ni tsoro har yau, domin na san ofisoshi da yawa sun yi asarar lissafin shekaru ta wannan hanyar, ba don wani abu ya lalace ba. Dattijon ya ce, "A'a, ɗan nan, dakata. Batirin da na cire bai zaɓi abin da zai manta ba." Haka ne kuwa. Cire shi ya share kuskurena, amma ya share har da saitin wanda ya haɗa kwamfutar tun farko. Faifai biyu ne a ciki, an haɗa su suna kwafar juna a tsarin RAID, bayos kuma ta koma tsarin AHCI da ta fito da shi daga kamfani. Sai da muka shafe fiye da awa ɗaya muna bin shafuka kafin ya lura da hakan. Ya mayar da ita RAID, ya gyara kwanan wata, ta tashi garau, ko lamba ɗaya ba ta ɓata ba. Da na ɗauki hoton shafukan nan tun da safe, aikin minti biyar ne.

Sandan 3200 ɗin mun mayar da shi daga baya, XMP a kashe, su biyun suka zauna lafiya a gudun tsohon. Nauyin da nake kuka da shi ya tafi, domin yawan ram ne ya yi mata kaɗan tun asali, gudun ba shi da laifi. An biya albashi washegari.

Tun daga ranar nake kallon masana'antunmu da wani ido. A majemun Challawa, da kamfanonin roba na Sharaɗa, da abin da ya rage a Bompai, akwai tsofaffin kwamfutoci a ofishin sikelin manyan motoci da jikin injuna, waɗanda wani injiniya ya saita shekaru da dama da suka wuce, ya koma ƙasarsu ko ya bar aiki. A yawancinsu saitin yana rataye ne a kan ɗan batirin da ke ƙarewa bayan 'yan shekaru, kuma ya fi saurin ƙarewa idan na'ura tana yawan zama babu wuta. A ganina sakaci ne mai masana'anta ya kashe miliyoyi a kan inji, amma babu takarda ko ɗaya da ke ɗauke da yadda aka saita shi.

Mai karatu, idan akwai irin wannan kwamfuta a hannunka, gobe kafin a fara aiki ka shiga bayos, kada ka canza komai, ka ɗauki hoton kowane shafi. Ka buga a takarda, ka manna kwafi ɗaya a cikin murfin akwatin, ɗaya ka kai wa manaja ya ajiye.