Jirgin kara kafin jirgin ƙarfe

A Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa ba a koya wa yaro ƙirar mota. Da karan dawa, waya da gwangwanin madara yake haɗa ta, har da sitiyari. Amma ba kasafai yake ƙera jirgin ƙasa ba, domin hannu ba ya ƙera abin da ido bai gani ba.

Dogo ya isa Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙetaro iyaka ba. A wancan lokacin, gyaɗarmu ma da mota ake kai masa ita. Sai a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano, Katsina, Jibiya zuwa Maraɗi, kusan kilomita 284.

A Jamus da Ingila, manya da yara kan shimfiɗa ƙaramin dogo bisa tebur, da tasha da gada, wutar lantarki na bin ƙarfen tana motsa jirgin. Wasan cike yake da lissafi. A ma'aunin da ake kira HO, kowane awo ana raba shi da 87: faɗin dogo na milimita 1435 sai ya koma 16,5. Kwana in ta matse, tarago ya kauce. Hawa in ya tsananta, inji ya gaza.

Malaman makaranta, ku haɗa wannan lissafi da basirar yaranmu, ko da kara da katako ne. Ranar da jirgi ya iso za a nemi direbobi, makanikai da masu walda. In babu namu, za mu zama ƴan kallo a tasharmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.