Kafin Sayen Alkalamin Feshi Mai Tsada, a Fara Sayen Ma'aunin Iska

Duk mai yawo a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon masu haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, irin na kamfanonin Airfix, Tamiya da Revell, suna fesa musu fentin ɓad-da-kama da wata 'yar na'ura mai kama da alkalami. Daga nan sai talla ta biyo baya: alkalamin feshi mai batir, ana caza shi da waya irin ta wayar hannu, kuma farashinsa da sauƙi. Matashi ya saya, ya gwada, fenti ya yi ta tofo masa ɗigo-ɗigo a kan fiffike, sai ya yanke hukunci cewa jabu aka sayar masa, ya fara tara kuɗin Iwata ko Harder & Steenbeck. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Yawancin matsalolin feshi daga kaurin fenti, ƙarfin iska da tsabtar allura suke fitowa, kuma alkalami mai tsada ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu da kansa.

Yadda na'urar take aiki shi ne hujja ta farko. A irin wadda aka fi amfani da ita, danna maɓalli ƙasa yana sakin iska, jan shi baya kuma yana janye allura daga bakin na'urar don fenti ya samu hanya. Faɗin wannan baki yawanci milimita 0.2 ne zuwa 0.5. Rami mai wannan ƙanƙanta, ɗan ɓurɓushin busasshen fenti ya isa ya toshe shi, ko na'urar daga Japan ta fito ko daga kasuwar bayan layi.

Kowace matsala tana nuna inda ta samo asali. Idan feshi yana yankewa yana tofi, ko dai fenti ya yi kauri ko ya bushe a kan tsinin allura. Maganin shi ne a ƙara tsinka shi har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, a kuma riƙa goge tsinin da buroshi mai jiƙe da tina. Idan fenti ya bazu kamar ƙafafun gizo-gizo, ya yi ruwa da yawa, ko iska ta yi ƙarfi, ko an matso kusa sosai. Idan jikin jirgin ya fito da kaushi kamar an barbaɗa yashi, fentin ya bushe ne a iska kafin ya sauka, wato an yi nisa ko iska ta yi yawa. Kumfa a cikin kofin fenti kuwa alama ce ta iska tana komawa baya, saboda baki ya toshe, ya tsage, ko bai ɗauru da kyau ba.

Yanayi ma yana da nasa rabon. A lokacin hunturu, iska busasshiya tana sa fentin ruwa ya kama tsinin allura cikin 'yan daƙiƙu, don haka ɗigo ɗaya ko biyu na sinadarin jinkirta bushewa yana da amfani. Da damina kuma ruwa ke taruwa a bututun iska ya tofo kan aiki, abin da 'yar matatar ruwa da ake ɗaurawa a kwamfuresa take hanawa. Tina ma kowane fenti da irin tasa. Fentin ruwa na Tamiya yana tafiya da X-20A, na Vallejo kuma da tinar kamfaninsa. Tinar masu fentin mota tana da ƙarfin da za ta iya cin jikin roba, ta lalata jirgin da aka kwashe makonni ana haɗawa.

A wajen fentin ɓad-da-kama ne ma'aunin iska yake nuna darajarsa. Jirgin Spitfire na Ingila yana da faɗin fiffike mita 11 da ɗoriya. A ma'aunin 1/72 ya koma kimanin santimita 15 da rabi. Idan a jirgin gaske iyakar launuka biyu ta bazu da santimita 2 da rabi, a ƙaramin za ta zama kimanin sulusin milimita ne kawai. Shi ya sa kore da ruwan ƙasa na shekarar 1940, ko kore da toka-toka da suka maye gurbinsu a 1941, sun fi kyau idan aka rufe iyakokinsu da salatif na masu fenti, ko aka murza Blu Tack siriri aka shimfiɗa a kan layin. Wannan aiki alkalami mai arha zai yi shi lafiya lau.

Jirgin Jamus Bf 109 kuwa labarinsa daban. Yawancinsu suna ɗauke da dabbare-dabbaren da aka fesa da hannu a gefen jiki, ba tare da rufe komai ba. Kwaikwayon wannan yana buƙatar fenti mai ruwa sosai, hannu kusa da jiki, da iska mai sauƙi, kimanin PSI 10 zuwa 15, alhali shafin farko yakan so 15 zuwa 20. Yawancin masu batir ba su da ma'auni, sai dai maɓallin matakai biyu ko uku, kuma ƙarfinsu yana iya raguwa yayin da caji ke sauka. Mai feshi ba ya sanin da wace iska yake aiki, balle ya maimaita abin da ya yi masa kyau jiya.

Masu goyon bayan na'urorin batir suna da gaskiyarsu. Inda wuta ba ta tsayawa, abin da ke aiki da caji alheri ne, kuma ya wadatar wajen shafin farko da launi guda. Masu son manyan kamfanoni su ma ba su yi ƙarya ba: allurarsu ta fi santsi, kuma ana samun kayan gyaransu idan baki ya tsage. Amma wanda bai iya tsinka fenti ba, zai toshe Iwata kamar yadda ya toshe mai arha, sai dai asarar ta fi zafi.

Saboda haka mai kuɗi kaɗan ya fara da kwamfuresa mai ma'auni da matatar ruwa, sai tinar da ta dace da fentinsa, sai abin rufe hanci mai matatar tururin sinadarai, domin takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, kuma feshi a ɗaki rufe huhu yake cutarwa. Ya riƙa gwaji a bayan cokulan roba, yana rubuta yawan tina da PSI a wayarsa, yana wanke na'urar bayan kowane launi. Ranar da ya iya jan siririn layi daga farkon cokali zuwa ƙarshensa ba tofi, kuma ya ga alkalamin ne ya kasa yin wanda ya fi shi siranta, lokacin sauya alkalami ya yi.