"Aka sha ruwa, aka yi sallah": abin da muke tsallakewa



Sau da yawa muna karanta labari a zauren nan, azumi ya zo a ciki, sai marubuci ya ce "aka sha ruwa, aka yi sallah", ya wuce abinsa. Mu ma mun yi. A ganinmu, wurin da ake tsallakewar nan shi ne inda labarin yake. Bari mu ɗauko misali daga nesa, daga gidajen Yahudawa, domin abin da ido bai saba gani ba ya fi fitowa fili.

Babban azuminsu shi ne Yom Kifur, ranar neman gafara, goma ga watansu na Tishri, wanda ke faɗowa a Satumba ko Oktoba. Ana kama baki tun kafin faɗuwar rana, ba ci ba sha, sai taurari sun fito washegari, kusan awa 25. Ana rufewa da busa ƙahon rago a wurin ibada. Ba a girki a ranar, don haka abin buɗa-baki tun jajibiri ake tanadarsa.

Addinin ya faɗi lokacin da za a ci, bai faɗi abin da za a ci ba. Wannan gida ke yankewa, gida kuwa da tarihinsa yake yankewa. Waɗanda kakanninsu suka fito daga Gabashin Turai suka zauna a Amurka, za ka tarar da burodin nan mai rami a tsakiya da ake kira begel, da cuku, da kifin da aka kyafe. Na Iraƙi madarar almon suke sha. Na Iran, tuffa ake gurzawa a zuba ruwan wardi. Da yawa daga na Maroko miyar harira suke sha, wadda maƙwabtansu Musulmi ke buɗa baki da ita a Ramadan.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne pepitada, abin shan waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492 suka zauna Turkiyya da Girka. 'Ya'yan wani dangin kankana ake shanyawa, a daka, a ƙulle a ƙyalle, a jiƙa a ruwa. Ya fito fari kamar kunun aya. A Yulin 1944 'yan Nazi suka kwashe Yahudawan tsibirin Rodos, kusan mutum 1,700, zuwa sansanin Aushwits. Waɗanda suka tsira ba su kai 200 ba. To jikar ɗaya daga cikinsu, in ta tsaya tana matse ƙyallen nan a wata ƙasa, ƙishirwa kaɗai take kashewa? Ga shi a gidaje da yawa tun jajibiri ake kunna kyandir domin iyayen da suka rasu. Mutum ya dawo da yunwa da jin an yafe masa, ya tarar da abincin mahaifiyarsa, ita kuwa babu ita.

Akwai kuma wanda bai yi azumin ba. Dokarsu ta ce in rai na cikin haɗari, ci ya zama dole. Mu ɗauki dattijo mai ciwon suga, ya ci da rana bisa umarnin likita, da dare ya zauna cikin masu buɗa baki. Ba shi da laifi, amma hannunsa na nauyi wajen kai loma. Wannan nauyin mun san shi a gidajenmu, sai dai ba kasafai muke rubuta shi ba.

Wani zai ce me ya kai mu teburin Yahudawa a irin wannan zamani. Ra'ayinmu kan siyasa yana nan inda yake. Amma marubucin da bai san mutane ba sai ta kanun labarai, ko ta kalmar zagi, in ya saka su a labari gumaka zai sassaƙa. Haka na waje ke yi mana, muna kuma jin zafi.

Aikin wannan mako: shafi ɗaya kan buɗa-baki a gida ɗaya. A faɗa mana wa ya dama kunun, a wane kwano, wa ya koya mata, kuma wa ya saba zama a bakin tabarmar da bana ba ya nan. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu kafin Juma'a.