Takardun Kotun Gado A Amurka: Inda Ake Tono Asali

Tun zamanin da Ingila take mulkin Amurka, al'adar ƙasar ita ce idan mai dukiya ya mutu, sai a kai maganar gadonsa gaban kotun gundumar da yake zaune. Ƙasar tana da gundumomi fiye da 3,000, kuma galibinsu kowace tana da ɗakin da take ajiye takardun irin wannan shari'a, waɗansu sun haura shekara ɗari uku. Waɗanda suka rubuta su ba tarihi suka nufa ba, abin da ya dame su shi ne a biya bashi, a ba kowa haƙƙinsa. Amma da yake ba a raba gado sai an faɗi wane ne ɗan wane, sai ga shi yau waɗannan takardu sun zama babbar madogarar masu neman asalinsu, musamman baƙar fata, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka.

Dalilin haka kuwa a fili yake. A ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860, gwamnatin Amurka ta rubuta sunan ubangiji, amma bayinsa sai shekarunsu da launinsu, da ko namiji ne ko mace, ba suna. A 1860 mutanen da suke cikin bauta sun kusa miliyan 4. Sai a ƙidayar 1870, shekara biyar bayan an soke bauta, aka soma rubuta su da sunayensu. Saboda haka mai bin salsalarsa yakan yi tafiya sumul har 1870, daga nan sai ya ci karo da bango. Ƙofar da take jikin wannan bango ita ce kotun gado, domin doka a wancan zamani ta ɗauki bawa a matsayin dukiya, ita kuwa dukiya dole a ambace ta ɗaya bayan ɗaya kafin a raba.

Ga misali wanda ya shahara. A 1850 wani tsohon manomi mai suna David Patterson, a yankin Spartanburg na jihar Karolina ta Kudu, ya rubuta wasiyya. Cikin kayan da ya lissafa, tare da shanu da kayan kaɗi, har da wata yarinya 'yar shekara shida ana ce mata Melvinia, wadda daga baya aka yi wa kuɗi dala 475. Da ya mutu a 1852 sai ta faɗa rabon 'yarsa da mijinta, Henry Shields, aka tafi da ita jihar Jojiya. A ƙidayar 1870 an same ta da 'ya'yanta, cikinsu har da Dolphus Shields, wanda shi ne kakan kakan Michelle Obama ta wajen uwa. Jaridar New York Times ce ta bayyana wannan a 2009, tare da wata gwanar binciken asali, Megan Smolenyak. Ba don wannan wasiyya ba, da wuya a san inda Melvinia ta fito.

To, wanda yake son ya yi irin wannan nema, daga ina zai fara? Abu na farko shi ne ya san gundumar da mamacin yake zaune lokacin da ya mutu, da kuma shekarar, ko da ta kintace ce. A nan akwai tarko, domin iyakokin gundumomi sun yi ta sauyawa. Takarda tana zama ne a gundumar da take da iko ranar da aka yi shari'ar, ko da daga baya an yanke garin an ba wata sabuwar gunduma. Jihar Kentaki ɓangaren Birjiniya ce har 1792, haka nan Birjiniya ta Yamma har 1863. Ɗakin karatu na Newberry da ke Shikago ya tsara taswirar da take nuna iyakar kowace gunduma shekara bayan shekara, kowa yana iya duba ta a intanet.

Abu na biyu shi ne sanin sunan kotun, gama kowace jiha da yadda take kiranta. A Fensilbaniya da Merilan ana ce mata kotun marayu, akwai kuma ma'aikaci na musamman mai rajistar wasiyya. A Birjiniya aikin yana hannun akawun babbar kotun gunduma. Jihar Luwiziyana ma ba ta kiran yankunanta gunduma kamar sauran, kuma dokarta ta gado ta samo tushe daga Faransa da Sifen. Wanda ya aika wa ofishin da ba shi ba ne, sai a ce masa babu, alhali kuwa takardar tana ɗaki na gaba.

Idan an isa ɗakin ajiya, a fara da fihirisa, wadda aka jera da sunayen mamata. Daga nan za a tarar takardun iri biyu ne. Akwai manyan littattafai da akawu ya kwafe wasiyyoyi a ciki da hannunsa, akwai kuma ƙunshin takardu na asali da aka naɗe aka sa wa lamba. Mutane da yawa sukan tsaya a littafin, su koma gida. Kuskure ne babba, domin akawu ba ya kwafe kome da kome. A cikin ƙunshin ne ake samun rasiɗin likitan da ya yi jiyya, da na kafintan da ya yi akwatin gawa, da wasiƙar magajin da ya ƙaura wata jiha yana neman a aika masa da rabonsa. Irin wannan wasiƙa ita ce sau da yawa take nuna inda dangi suka watsu.

Kada kuma a ce tun da mutum bai bar wasiyya ba, babu abin nema. Sau da yawa ma takardun wanda bai yi wasiyya ba sun fi amfani. A ƙasar Hausa an saba kason kowane magaji a ƙayyade yake a gaban alƙali, amma a Amurka mai dukiya yana iya ba wanda ya so, ya tsallake ɗan da ya riga ya ba gona tun yana raye, ko wanda ya yi fushi da shi. Ke nan wasiyya ba lalle ta ambaci 'ya'ya duka ba. Amma in babu wasiyya, sai kotu ta naɗa wakili, ta karɓi masu tsaya masa, waɗanda galibi dangi ne, ta aika mutane su ƙididdige kaya ɗaki ɗaki su yi musu kuɗi, a yi gwanjo a rubuta sunan kowane mai saye, sa'an nan a raba bisa doka, a ambaci magada kaf. In akwai yara ƙanana, sai a naɗa musu mai riƙo, shi kuma ya riƙa kawo lissafi har su girma, abin da yake ba da damar ƙiyasta shekarar haihuwarsu.

Mai neman kakanninsa da suka yi bauta, sai ya fara gano ubangijin, sa'an nan ya bi dukiyar gidan duk inda ta bi, har ta wajen mata. Gidan George Washington ya isa darasi. Ya rubuta wasiyyarsa a watan Yuli na 1799, ya mutu a Disamba, aka tabbatar da ita a kotun gundumar Fairfax a Janairun 1800, kuma har yanzu tana hannun kotun. A ciki ya ce a 'yanta bayinsa bayan mutuwar matarsa Martha. Amma daga cikin bayi 317 da suke gandunsa na Mount Vernon, 123 ne kaɗai nasa. Guda 153 na gadon mijin Martha na fari ne, Daniel Parke Custis, wasiyyar Washington ba ta da iko a kansu, kuma bayan mutuwar Martha a 1802 aka raba su ga jikokinta. Wanda ya duba takardar Washington kaɗai, ya rasa fiye da rabin mutanen gidan.

Haka kuma bashi yakan watsa iyali. Thomas Jefferson ya mutu a 1826 ana binsa fiye da dala 100,000. Wasiyyarsa ta 'yanta mutum biyar, amma a Janairun 1827 aka yi gwanjo a gidansa na Monticello, bayan an yi shelar sayar da bayi 130. A irin wannan hali, sunan mai saye shi ne zaren da za a bi zuwa gida na gaba.

Akwai inda wuta ta riga mai nema. Gobarar Shikago ta 1871 ta cinye takardun gundumar Cook, ta birnin Richmond a watan Afrilu na 1865 kuwa ta haɗa da takardun waɗansu gundumomin Birjiniya da aka kai can don a tsare su daga yaƙi. A nan sai a koma ga takardun cinikin filaye, da na haraji, da sanarwar da wakilin gado ya buga a jarida, da kuma gundumomin maƙwabta inda mamacin yake da gona.

Yanzu aikin ya yi sauƙi ƙwarai. Ƙungiyar FamilySearch, wadda ta soma ɗaukar hotunan tsofaffin takardu tun 1938, ta gama zuba faifanta miliyan 2.4 a kwamfuta a 2021, a 2024 kuma ta fito da na'urar da take karanta rubutun hannu, har mutum ya nemi suna a tsakiyar takarda, ko da ba sunan mamacin ba ne. Wannan babban ci gaba ne ga wanda kakarsa ta bayyana a layi ɗaya tak cikin lissafin kayan wani. Duk da haka ba kome ne aka ɗauki hotonsa ba, ƙunshi da yawa suna nan a akwatunan kotu da gidajen adana kayan tarihi na jihohi, sai an je ko an rubuta wasiƙa.

A ƙarshe, a karanta da hankali. Ranar rubuta wasiyya dabam, ranar tabbatar da ita dabam, mutuwa tana tsakaninsu. Matar da aka ambata ba lalle ita ce uwar 'ya'yan duka ba. Suna ɗaya kuma ba ya isa hujja, domin a gunduma guda ana iya samun bayi goma masu suna iri ɗaya, sai shekaru da sunan uwa da na 'ya'ya sun dace a takarda biyu ko uku kafin a ce an samu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tace ta.