Ina Kuɗin Rumfa Yake Tafiya?

Jama'ar Gaya da Ajingi, musamman ku 'yan kasuwa, a yau muna so mu yi magana a kan ruwan sha da masai, domin su ne abin da ya fi damun talaka, kuma su ne abin da manya suka fi ƙyamar ji.

Kowace ranar kasuwa, a Kademi ko a Gaya ko a Toranke, mai karɓar kuɗi ba ya makara. Mai tabarma ta biya, mahauci ya biya, mai jaki ya biya. To, mu tambaya, me kuɗin nan yake sayo mana? Tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa kula da kasuwa da mayanka da tashar mota, da gina masai na jama'a, da kwashe shara, duk aikin ƙaramar hukuma ne. Manufar ruwa ta ƙasa ta 2000 kuma ta ɗora mata kashi 20 cikin 100 na kuɗin samar da ruwa a karkara. Ashe in ciyaman ya haƙa rijiya, bashi ya biya, kada wanda ya yi masa guɗa.

A zamanin En'e, duk da zaluncinta, akwai duba-gari mai leƙa randa da salga. Yanzu kuwa a yi burtsatse ranar neman ƙuri'a, a kira makaɗa, bayan shekara kan famfo ya karye, a rasa mai gyara. Mata da yara su koma kududdufi, mai ɗan hali ya koma wa 'yan ga-ruwa. Sakamakon wannan mun gan shi a 2021, sa'ad da amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, Kano kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya.

In ka matsa musu, sai su ce kuɗinsu yana maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. Wannan kuka yana da gaskiya a ciki, shi ya sa ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba kowace ƙaramar hukuma kuɗinta kai tsaye. Wajibin kansilolinmu ne su nemi a cika hukuncin nan. Amma kuɗin rumfa fa ba ya bi ta Abuja, daga hannunmu yake shiga nasu.

Kada kuma a ce abin ya gagara. Ga maƙwabtanmu na Jigawa nan, Dutse ba ta da nisa da Gaya. A 2022 aka tabbatar da su a matsayin jiha ta farko da ta bar yin bahaya a fili.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kasuwa da masu unguwanni su nemi abu uku. Na ɗaya, a liƙa lissafin kuɗin kasuwa a ƙofar sakatariya kowane wata. Na biyu, kowace kasuwa ta sami masai na maza da na mata, da ruwa a kusa. Na uku, a ƙirga matattun burtsatse mazaɓa-mazaɓa, a sa ranar gyaran kowanne.

Ku je cikin ladabi, amma ku je da yawa, ku riƙe rasit ɗinku a hannu. Kansilan da ya kasa ba da amsa, ku tuna da shi ranar zaɓe. Allah ya ba talaka lafiya, amin.