Wa ke riƙe da makullin kuɗinka?

'Yan uwa, duk sanda aka ambaci kirifto a zaurenmu sai wani ya ce "ai harkar 'yan damfara ce," shi ke nan a rufe zance. Ni dai ban yarda a rufe shi a nan ba.

A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya, zamanin Godwin Emefiele, ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto. Matasa ba su daina ba, sai suka koma ciniki tsakaninsu kai tsaye. A Oktoba aka ƙaddamar da eNaira. Tsakani da Allah, wa ya taɓa sayen ko kwanon masara da ita a cikinku? Zuwa Disambar 2023 bankin da kansa ya janye haramcin.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne canjin kuɗi na farkon 2023. Guminka ne, yana cikin asusunka, amma sai ka wuni a layin ATM, ko ka sayi naira da naira wajen mai POS. Lokacin na gane abin da masanin tattalin arzikin nan Hayek ke nufi tun 1976, da ya kawo shawarar a karɓe wa gwamnati ikon buga kuɗi ita kaɗai, a bar kuɗaɗe su yi gasa. Bitcoin ba za ta taɓa wuce miliyan 21 ba, kuma babu gwamnan bankin da zai wayi gari ya ce wadda ke hannunka ta daina aiki.

Ban ce a bar kasuwa sakaka ba fa. Mun ga yadda CBEX ta nutse da dukiyar bayin Allah a 2025. A kama ɓarawo, a hukunta shi. Amma kama ɓarawo daban, riƙe makullin kowa daban.

A 2020 Babban Banki ya samo umarnin kotu aka daskarar da asusun wasu masu zanga-zangar EndSARS ba tare da an saurare su ba. Da yawanmu nan Arewa mun yi shiru, wasu har da tafi, don ba tafiyarmu ba ce. To mu 'yan siyasa ne, yau kana ciki gobe kana waje. Shi ya sa nake roƙon shugabanninmu, in an zauna tsara manufofi, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba za a rufe asusun kowa ba, na naira ko na kirifto, sai alƙali ya ji ta bakin mai shi.